Lisha a Aberdeen

Ƙarfe goma sha ɗaya saura,
sama ta ƙi rufe ido.
Shafaƙi ya tsaya bisa tashar jiragen ruwa
kamar baƙon da ya yi sallama sau uku
bai kuwa ɗauki takalminsa ba.

A ɗakin ƙasan da muke salla,
inda dā ake sayar da kifi
(in an yi ruwa, bangon yakan tuna)
mu bakwai muka kewaye tambaya ɗaya:
yaushe ne Lisha
a garin da watan Yuni ya hana duhu masauki?

Dakta Tanimu ya buɗe kwamfuta.
Ya ce digiri goma sha takwas ake bin rana bashi,
ita kuwa tara da rabi take nitsewa
ta juyo abinta.
Ya ce da mu, ba taurin kai ba ne,
karkatar duniya ce.

Malam Ɗahiru ya daɗe yana juya kofin shayi.
Ya ce, littafin da na sauke a Zariya
an rubuta shi inda dare ke cika alkawari.
Amma magabata ba su kulle ƙofa ba,
sun ce a ƙaddara.
Sai ya tura wa Dakta kofin gefe, ya matsa kusa:
to, auna mana.

Na tuna Alasdair, abokin aikina a ɗakin gwaji,
mai raba min biskit, mai hana ni sakat.
Ya ce tabarmata da madubinsa na ƙwayoyin cuta
raguna biyu ne a turke guda,
dole ɗaya ya karye ƙaho.
Shekara shida yana jiran karon.
Shi ne kuma ke duba min agogo
ya ce, tashi, La'asar ɗinka za ta wuce,
ni zan tsare maka injin.

'Yata Tasalla ta zo da nata daga makaranta.
An ce musu aljihun tebur biyu ne:
na sama a sa "ta yaya",
na ƙasa a sa "don me".
Ta jera komai tsaf, ta rufe.
Da dare ta leƙo: Baba,
ranar da aka ɗauki hoton ƙirjin Kaka
aka ga baƙin nan,
kukan da ka yi, a wane aljihu yake?
Na ce ta je ta kwanta.

Innar tawa, Allah ya ji ƙanta,
ba ta taɓa jin kalmar digiri ba.
Taɓarya take kafawa a tsakar gida,
ta bi inuwar da tafin ƙafa,
ɗaya, biyu, uku da ɗan yatsa,
ta ce Azahar ta yi.
Da an tambaye ta, awo kike ko ibada?
da ta ce a matsa mata daga hasken.

Ba mu gama ba a daren.
Biyu sun ce a bi Makka,
ɗaya ya ce a raba dare bakwai,
wani ya yi fushi ya manta hularsa.
Takardar da aka manna a ƙofa
da lissafin Dakta, da sa hannun Malam,
a ƙasa kuma, da ƙaramin rubutu: Allah ne masani.
Ban san wanne daga cikinsu ya ƙara wannan ba.

Na taka gida ta cikin gidajen dutse masu ruwan toka,
tsuntsayen teku na ta ihu, su ma sun rasa lokacin barci.
Na yi alwala da ruwan da ke cizon yatsu.
Agogo ya ce Lisha.
Taga ta ce da saura.
Na kai hannu ga labule,
sai na bar shi a buɗe,
na tayar da kabbara.